Inshorar wurin aiki ta ƙi biyan kuɗin tausa, a ina na kuskure?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka daɗe a Kanada ku warware min wannan. Wata takwas ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Mississauga. Aikin dai ɗaga mutum ne, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, tun safe har a tashi. Kafaɗata ta dama da ƙuguna sun riƙe, in na yi sujada sai na dafa bango nake miƙewa. Wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta ce ai muna da dala 500 ta tausa a inshorarmu duk shekara, kuma in Disamba ta ƙare ban taɓa ba, shi ke nan ta bi ruwa. Ranar Asabar na shiga wani shago kusa da inda muke sayen nama, wata mata ta yi min tausar awa guda, na biya dala 90. Jiki kam ya saki. Na ɗauki hoton rasit na tura musu ta manhaja, jiya suka amsa wai ba za su biya ba, wadda ta yi aikin ba ta cikin waɗanda suka sani. To me ke nan?

Sai ta biyu, wadda ma ta fi damuna. Baban Ilham ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba, wai kuɗin na magani ne, tausa kuwa jin daɗi ce. Akwai cin haram a ciki?

Kawu_Scarborough:
Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Maman Ilham. Ɗauko rasit ɗin ki duba, bayan sunan matar akwai haruffa uku, RMT, wato mai tausa mai rajista, da lambar rajista? Na san babu. A lardin Ontario, inda kike, ba duk mai murza jiki inshora ta sani ba. Akwai hukuma mai suna CMTO, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista bayan sun yi karatu sun ci jarrabawa, kuma a shafinta za ki iya rubuta sunan mutum ki ga ko yana ciki. Wanda ba ya ciki, ko hannunsa na zinare ne, kamfani ba zai ba ki sisi ba. Dala 90 ɗin nan ki ɗauka kuɗin makaranta kika biya. Ni nawa kuɗin makarantar 140 ne, har da mai mai ƙamshi da kiɗan ruwa na zuba.

Maman_Ilham:
Kawu na duba. Sunan shago ne kawai da kwanan wata, sai godiya a ƙasa. Innalillahi.

Bakatsine_Calgary:
Kawu ya yi daidai, amma ɗan gyara saboda masu karantawa daga wasu wuraren. Ba duk Kanada ce haka ba. Ontario da British Columbia suna da hukuma ta doka. Mu nan Alberta babu irinta, don haka abin da kamfanoni suka fi dubawa shi ne ko mutum ɗan wata ƙungiyar masu tausa ce da suka yarda da ita, kuma ya yi karatun awa 2,200. Ni kafin in kwanta a gadon kowa sai na karɓi lambarsa na kira kamfanin na tambaya. Minti biyar ne.

Dan_Kurna:
Ikon Allah. Wato akwai ƙasar da ake rigima a kan kuɗin tausa. Mu nan ranar Talata yini na yi a benci ina jiran HMO, kamfanin da ke riƙe da inshorar lafiyarmu a Najeriya, ta turo lambar amincewa a yi wa yarona hoton ƙirji, har aka tashi ba ta zo ba. Hajiya in dala 500 ɗin ta yi miki nauyi, akwai masu taya ki ɗauka.

Anti_Nas:
Ni ban ma kai ga maganar rasit ba tukuna. Ƙanwata, ciwon da kike faɗa a wurin aiki kika same shi. Kin sanar da shugabar sashenku a rubuce? In ba ki yi ba, gobe ki yi. Raunin da aka ji a bakin aiki a Ontario yana da tasa hanyar, WSIB, hukumar inshorar raunin wurin aiki, kuma wata shida ake ba ma'aikaci ya shigar da takardarsa. In gidan da kike aiki yana ƙarƙashinsu kuma suka karɓa, su ke ɗaukar jinyar, ba sai kin ƙone 'yar dala 500 ɗinki ba. Shekarata goma sha ɗaya a jinya a nan, na ga mata da yawa irinmu suna ɓoye ciwo don kar a ce sabuwar zuwa ta cika ƙorafi, sai baya ya gama lalacewa sannan a rasa shaidar ranar da abin ya fara.

Kuma a wurinmu doka ce, ba a ɗaga mara lafiya da na'ura sai mutum biyu. In kina yi ke kaɗai don abokiyar aiki ta tafi shan shayi, ki daina.

Abu na ƙarshe. Idan ciwon ya fara sauka ƙafa da dindiris, ko ƙafar ta yi sanyi ba ƙarfi, ko fitsari ya soma kufce miki, wannan ba na tausa ba ne, asibiti za ki tafi a ranar.

Maman_Ilham:
Anti wallahi kamar kina wurin. Da dare mu biyu ne a hawa guda, mutum talatin da wani abu. Amma babu dindiris, alhamdulillahi.

Malam_Tudun_Wada:
Bari in taɓa tambaya ta biyu, tunda kowa ya bi ta kuɗi. Allah Ya saka wa mai gidanki, tsantseni abu ne mai kyau. Sai dai a nan ban ga wurinsa ba. Wannan kuɗi ba sadaka ba ce da aka ware wa miskinai har a ce kin ci rabon wani. Yana cikin ladan aikinki, kamar albashi da hutun shekara. Su da kansu suka rubuta tausa a cikin abin da za su biya, suka sa iyaka, suka sa sharaɗi. Kin cika sharaɗi kin karɓa, ina haram? Balle ma ke ga ciwo a jiki. Inda haram take shi ne ƙarya: a rubuta abin da ba a yi ba, ko a sa sunan wanda ba shi aka yi wa ba.

Abu_Hanan_Leeds:
Malam, Allah Ya gafarta, ai tun daga tushe ake tambaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta ce a koma ta taimakekeniya, wato takaful. Kamfanonin da ke riƙe da inshorar ma'aikata a Kanada ai na neman riba ne.

Malam_Tudun_Wada:
Haka ne Abu Hanan, hukuncin nan yana nan, ban musa ba. Amma wa ya ƙulla cinikin? Ba ita ta je ta saya ba, mai aikin ne ya ƙulla da kamfani ya ce ga abin da ke tattare da aikin nan. Ni fahimtata wanda aka ba a haka ya amfana da abinsa. Fahimtata ce, ban ce kowa ya bi ba. Su je su zauna da limamin masallacinsu wanda ya san yadda takardun ƙasar suke.

Abu_Hanan_Leeds:
In ana cire wani abu daga albashinta duk wata fa? Ka ga ta shiga cinikin ke nan.

Maman_Ilham:
Ana cirewa kam, kaɗan. Kuma ban ga inda aka tambaye ni ko ina so ba, cikin takardun ɗaukar aiki na gan shi.

Gimbiyar_Brampton:
Ku bar ni in ba ku labari a kan ƙaryar da Malam ya ambata, don tana zuwa da fara'a. Bara wata ta kai ni wani wurin gyaran jiki. Ina zama matar ta ce wane kamfani ne inshorata, na faɗa. Ta ce to ga yadda za a yi, za ta yi min gyaran fuska da dilka irin tasu, ta ba ni mayuka na tafi da su gida, rasit kuma za a rubuta tausa sau huɗu da lambar wata RMT da ke zuwa wurin ranar Laraba. Wallahi sai da na yi jim. Mayukan nan na gani a kanta, masu tsada ne. Abin da ya cece ni mijina na waje cikin mota da yara suna ta danna hon, na ce zan dawo. Ban koma ba. Wadda ta kai ni har yau tana ganin wauta ce ta hana ni.

Kawu_Scarborough:
Gimbiya, ki yi wa hon ɗin nan addu'a. Waɗanda suke Toronto lokacin sun san abin da ya faru a TTC, hukumar bas da jirgin ƙasa ta gari. Daga 2014 aka fara bin diddigin wani shagon takalman gyaran ƙafa da ke rubuta wa ma'aikata rasit na bogi ana raba kuɗin. Sama da mutum 200 suka rasa aikinsu, mai shagon ya tafi gidan yari. Aiki mai fansho, mai ƙungiya, mutum ya zubar saboda 'yan ɗaruruwa. Kuma kamfanonin nan sukan kira mai tausar su ce ranar kaza ƙarfe kaza wa kika gani. Balle wanda takardun zamansa ba su gama nuna ba, ina shi ina wannan wasa.

Hajiya_Hamburg:
Mu a Jamus abin ya sha bamban. Babu wani kuɗi da aka ajiye maka ka cinye kafin shekara ta ƙare. Likita ne zai duba ka, in ya ga da buƙata ya rubuta takarda, yawanci zuwa shida, ka kai wurin masu gashin ƙashi. Kai kuma ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin, da Yuro 10 na takardar. Kuma dole a fara cikin kwana 28, in ba haka ba takardar ta mutu. Ni tawa ta taɓa mutuwa a jaka, na tafi gida biki na dawo. Sannan likitocin sun fi son rubuta motsa jiki a kan tausa. Na ce wa nawa ni tausa nake so, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce tausa za ta yi min daɗi kwana biyu, motsa jiki zai yi min amfani shekara. Na ji haushi, amma na je.

Fisiyo_Kano:
Likitan Hajiya bai yi ƙarya ba. Aikina ke nan, gashin ƙashi. Tausa tana sassauta naman da ya ɗaure, tana rage ciwo na ɗan lokaci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai yi barci ba kwana uku. Amma wadda za ta koma gobe ta ɗaga dattijo mai kilo 90 da ƙugunta, ciwon zai dawo ya same ta inda ya bar ta. Maman Ilham ki duba takardarki, galibi fisiyo, wato gashin ƙashin nan, yana da nasa kason daban da na tausa. Ki haɗa biyun.

Dan_Kurna kuma, a nan gida in ka ce wa HMO tausa dariya za su yi. Sunan da tsarin ya sani shi ne gashi. Asibitin da ka yi rajista zai tura ka, a nemo lambar amincewa, sannan mu karɓe ka, in akwai buƙatar murzawa a cikin aikin muke yi. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga NHIS ta koma NHIA, ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma yawancin masu shanyewar ɓarin jiki da nake gani daga aljihu suke biya, shi ya sa sukan zo sau uku su ɓace.

Gargaɗi ɗaya ga kowa: ƙwauri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi ko bayan haihuwa, kada a murza. Zai iya zama gudan jini.

Dan_Kurna:
Likita ai mu inshorarmu Aboniki ce da ƙafar yaro. Ka kwanta rub da ciki a tabarma, ka kira ɗan shekara biyar ya hau ya yi ta tattaki yana dafe da bango. Naira hamsin ta alawa, ba lambar amincewa.

Yar_Maradi:
Dan_Kurna ka tuna min da kakata. Bayan isha'i za ta miƙe ƙafa ta ce wa zai samu albarka yau, mu yi ta rige-rigen ɗauko gwangwanin man kaɗanya. Tana gyangyaɗi tana ba mu tatsuniya, in ka sassauta hannu ta ce albarkar ta ragu. Yanzu ni ce a Montreal nake biyan baƙuwa ta taɓa min wuya, har da cike takarda.

Sadauki_Winnipeg:
Ni fa ina bayan Baban Ilham, ko da ba ta fuskar haram ba. Wannan maganar ta "cinye kafin Disamba ta ƙare" ita ce ban so. A wurin aikinmu duk ƙarshen shekara mutane lafiyarsu ƙalau suke layin tausa da sabon tabarau don kar kuɗi ya tafi. To kuɗin daga ina yake fitowa? Kamfanin inshora yana duba abin da ma'aikatan wuri suka ci a shekara, in ya yi yawa ya ƙara wa mai aiki kuɗi a sabuntawa, shi kuma ya ƙara abin da ake cire mana ko ya rage wani abu. Mu an rage mana na haƙori. Wanda ya sha tausar banza a Disamba, da haƙorin ɗana ya sha.

Gimbiyar_Brampton:
Haba Sadauki. In ba mu taɓa ba ka taɓa jin sun dawo wa wani da canji? Ribar su za ta ƙaru kawai. Kuma wa ya ce sai mutum ya kwanta rai a hannun Allah sannan ya cancanta? Mai tsayuwa awa takwas a kan siminti ai yana da abin da za a murza.

Sadauki_Winnipeg:
Ban ce mai ciwo kar ya je ba. Maman Ilham ta je, har ta makara ma. Da masu zuwa don kalanda nake.

Kawu_Scarborough:
Ku dawo kan mai tambaya. Maman Ilham ga lissafi, don kar ki sake mamaki. Duba ko naki kashi 100 suke biya ko 80. A ce RMT ta ce awa dala 110. A Ontario ana ɗora harajin kashi 13 a kan tausa, ya zama 124 da 'yan kai. In kashi 80 ne, za su ba ki wajen 99, ke ki cika 25. Kin ga 500 zuwa biyar ce, ba goma ba. Tukuicin da kika ba ta kuma daga aljihunki ne. Ki duba abu uku a ɗan littafin da aka ba ki: ko suna son takardar likita kafin zuwan farko, ko akwai iyakar abin da suke biya a zuwa ɗaya, da kuma ranar da shekararsu ke juyawa, don ba kowa ne Janairu ba. Wurare da yawa ma su ke tura wa kamfanin kai tsaye, ke cikon kawai za ki biya a kanta.

Shi Baban Ilham yana da inshora a nasa aikin? In yana da ita kuma ya sa sunanki, naki za ki fara turawa, ragowar ki tura nasa.

Ummu_Sudais:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ana tuɓewa ne? Shi ya hana ni zuwa shekara uku.

Anti_Nas:
Ummu Sudais, tun wajen yin alƙawari ki ce mace kike so, ba wanda zai ɗaga gira, mata ne ma suka fi yawa a sana'ar. Za ta fita ki shirya, ki shiga ƙarƙashin zani, inda take aiki kawai take buɗewa. In kin ce da kayanki za a yi, da kayanki za a yi. Ni da doguwar riga mara nauyi nake zuwa, wuya da kafaɗa kawai. Kuma a Ontario akwai wuraren da ba ta isa ta taɓa ba sai kin sa hannu a takarda, kamar ƙirji da cikin cinya. Ki ce a'a, magana ta ƙare.

Bakatsine_Calgary:
Mu maza mu ne da wahala. Sati uku na jira kafin in samu namiji, da na samu kuma tsohon ɗan kokawa ne daga Yukiren. Na fito ina salati.

Abu_Hanan_Leeds:
Har yanzu dai ba a amsa min maganar cirewa daga albashi ba.

Malam_Tudun_Wada:
Ta amsa maka da kanta, ta ce ba a ba ta zaɓi ba. Ni a nan na tsaya. In kana da ƙari kawo, muna ji.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na rubuta wa shugabarmu yau da safe kamar yadda Anti ta ce, ta ba ni wata takarda na cike, fuskarta dai ba yabo ba fallasa. Littafin kuma na samo shi a ƙasan durowa cikin ledarsa. Kashi 80 ne kamar yadda Kawu ya zata, ba sa neman takardar likita, kuma fisiyo na da nasa 500 daban. Na kira wurare huɗu kafin na samu RMT mace, duk sun cika, sai 19 ga Disamba. Na duba sunanta a shafin hukumar, tana nan.

Abin dariya, Baban Ilham ashe yana da tasa inshorar a ma'ajiyar kayan da yake aiki, shekara biyu bai taɓa buɗe ambulan ɗin ba, kuma da sunana a ciki. Na karanta masa maganar Malam da ta Sadauki da ta Abu Hanan. Ya ce kowa ya yi gaskiya, ni in je tunda ina da ciwo, amma cikon dala 25 kar in tura wa nasa kamfanin, shi zai biya daga aljihunsa har sai ya ga liman ranar Juma'a. Kafin 19 ga wata dai Ilham ce ke taka min bayan, shekararta huɗu, nauyinta daidai.

Dan_Kurna:
A tabbatar tana da lambar rajista.

Sabon_Zuwa_Halifax:
Salam, yanzu na shigo, ban karanta duka ba. Ƙaho fa? Akwai wanda inshorarsa ta taɓa biyan kuɗin hijama?